Kafaɗar Abba ta sake gocewa

Abba Gola: Salamu alaikum 'yan zaure. Kafaɗata ta sake gocewa jiya a fili, karo na uku ke nan. An yi hoton ƙashi an ce lafiya lau, amma in na ɗaga hannu sai in ji ƙas. Wa zan gani?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Akwai mai ɗori a unguwarmu, hannunsa da albarka.

Usman Tela: Abba don Allah kar ka je. Shekara biyu na yi ana murza ni ana cewa targaɗe ne, ga diklofenak kullum har ya tayar min da olsa. Ashe ba ƙashi ba ne. Akwai guringuntsi da ya zagaye bakin ramin kafaɗa kamar gammo, shi ke riƙe kan ƙashin hannu. Nawa ya yage ta gaba, likita ya kira shi Bankart. Hoton ƙashi ba ya nuna shi, sai MRI, ni har wani ruwa aka yi min allurarsa cikin gaɓar kafin hoton. Da kyamara aka yi aikin, 'yan huji kawai. Sati 6 hannuna a rataye, sannan gashi. Keke ma sai da ya yi ƙura.

Nura: Golan da ake zura wa biyar, me ya kama har kafaɗa ta goce? 😂

Abba Gola: Kai da benci ya san ka.

Anti Nas: Ku bari mana. Abba, shekarunka nawa?

Abba Gola: 22, Anti.

Anti Nas: To a shekarunka, gocewa uku, mai yiwuwa a yi maganar aiki. Amma ba kowace yagewa ake ɗinkewa ba. Wanda ya haura 40 sau da yawa MRI kan nuna ta alhali ba ita ke damunsa ba, gashi ake fara masa na wata uku. Je ka asibitin ƙashi na Dala likita ya gwada hannun tukuna, kar ka fara da biyan kuɗin hoto.

Baban Ummi: Yanzu masu ɗori sun zama abin zagi? Wa ya gyara ƙafar Nura?

Usman Tela: Karaya daban, Baba.

Nura: Har yau fa ina ɗingishi da sanyi.

Abba Gola: Anti, wasan Asabar fa?

Anti Nas: Zauna kusa da Nura.