Wai hankici a zane da fim kayan kuka ne kawai?

Baban Amira: Salam jama'a. Jiya na ga hoton zanen nan na Picasso na 1937, matar da take kuka tana cusa hankici a baki kamar za ta cinye shi, sai wani tunani ya zo min. Ni dai a ganina duk inda mai zane ko mai fim ya saka hankici to abu ɗaya yake nufi, kuka. Kuma kusan kullum a hannun mace yake. Kayan rauni ne kawai, shi ya sa da tishu ya zo ba wanda ya yi kewarsa. Wanda yake da ja ya zo.

Anti Bilki: To ga mai ja ta zo. Baban Amira kai ma ka san zane ɗaya ba ya zama hujja. Shi wannan zanen ai a shekarar da aka yi wa garin Guernica na Sifaniya ruwan bama-bamai ya yi shi, kukan yaƙi ne, kuma ka ƙara duba shi da kyau, wajen da hankicin yake nan ne launi ya gudu, fuskar duk rawaya da kore amma bakin da haƙoran sun koma fari da shuɗi kamar fasasshen gilashi. Wannan ba matar da take share hawaye a hankali ba ce, cizo take yi. Ina raunin?

Baban Amira: Anti cizo ko shara, kuka dai take yi ai.

Ɗan Zane: Yaya bari in kawo maka namiji, kuma ba ƙaramin namiji ba. Akwai hoton Sultan Muhammad al-Fatih, wanda ya ci Kustantiniyya a 1453, yana nan a fadar Topkapi a Istanbul. Yana zaune ya tankwashe ƙafa, hannu ɗaya ya kai fure hanci yana shinshina, ɗaya hannun kuma ya dunƙule hankici a kan cinya. Har zoben 'yan baka yana babban yatsansa. Don Allah mutumin da ya rusa daular Rumawan gabas me zai yi wa kuka? A zanen sarakunan Usmaniyya hankici alamar mulki ce, sarakuna da dama bayansa haka aka zana su da shi.

Malam Sabo: Ɗan Zane ya yi gaskiya, kuma abin ya girmi Usmaniyya nesa ba kusa ba. A tsohuwar Rum idan za a fara tseren keken doki, babban jami'i ne zai miƙe ya saki farin ƙyalle, mappa suke ce masa, faɗuwarsa ita ce izinin a saki dawakai. Shi ya sa a sassaƙen hauren giwa da ake yi wa manyan jami'ansu za ka gan su zaune a kujera sun ɗaga shi sama. Ƙyalle ɗaya, dubban mutane sun zuba masa ido.

Ummi: Malam a gafarce ni amma wannan mappa ɗin ai ƙyallen goge hannu ne wajen cin abinci, ba hankici ba. Kar mu riƙa kwaso duk wani tsumma mai kusurwa huɗu muna cewa hankici ne don mu kayar da Baban Amira 😂

Malam Sabo: Ummi kin kama ni, na yarda da rabi. Amma ai a zamanin da ba a raba su kamar yadda muka raba yanzu ba.

Baban Amira: Yauwa Ummi Allah ya yi miki albarka, ashe ina da mutum a nan.

Ummi: A'a Baba ban ce ina bayanka ba fa. Ni matsalata da maganarka ita ce ko a hannun matan ma ba kuka ba ne kullum. Ka nemi zanen Sarauniya Mariana ta Sifaniya da mai zane Velázquez ya yi wajen 1652, yana gidan tarihi na Prado a Madrid. Fuskarta a ɗaure tamau, ba hawaye ba alamarsa, amma hankicin da ya zubo daga hannunta na hagu girmansa ya kusa na mayafi, fari fat a kan baƙar riga. Wlh idonka can zai fara zuwa kafin fuskar. Wannan nuna arziki ne, a lokacin da lallausan lilin sai gidan wane da wane, ƙyalle ne da aka yi shi don a gani, ba don a face majina ba.

Kawu Iro: Ku duk kun tafi gidan tarihi kun bar babbar shari'ar. Othello fa? Wasan Shakespeare guda a kan hankici ya tsaya. Shi ne kyautar farko da janar Othello ya ba matarsa Desdemona, da adon 'ya'yan itacen sitiroberi a jiki, ya ce wata Bamisriya ce ta ba mahaifiyarsa. Ya faɗi ƙasa, hadimarta Emilia ta tsinta ta ba mijinta Iago, shi kuma ya jefa a ɗakin Cassio mataimakin Othello don a zarge ta da shi, shikenan Othello ya shaƙe matarsa da ba ta ji ba ba ta gani ba. A nan hankici ba hawaye ya share ba, shaidar zur ya bayar.

Baban Amira: Kawu wannan ai nuna min kake yi cewa labarin bai da ƙarfi. Janar guda, wanda ya ga yaƙi iri-iri, ya kashe matarsa a kan tsumma? Haba.

Kawu Iro: Ba kai ka fara faɗa ba ɗana, tun 1693 wani mai suka a Ingila Thomas Rymer ya yi wa wasan irin wannan ba'ar, cewa gara a kira shi bala'in hankici. Shi an manta da shi sai irin mu masu tone-tone, wasan kuma har gobe ana yi. Abin da ku biyun ba ku gane ba shi ne kishi ba ya buƙatar babbar hujja, ƙaramar ma ta fi masa daɗi. Kuma me ya sa hankici ba takalmi ba? Saboda abu ne da yake taɓa jiki, yana ɗaukar ƙamshin mai shi, yana shiga aljihu ba wanda ya gani, yana faɗuwa ba ƙara. In ka ga na matarka a hannun wani ba ƙyalle kake gani ba.

Anti Bilki: Kawu ka gama magana. Ni nan ne ma nake ganin maganar tishu ta Baban Amira ta rushe. Tishun Kleenex ya fito 1924, kuma da farko ma don goge kwalliyar fuska aka yi shi, daga baya kamfanin ya ga mutane hanci suke facewa da shi ya juya talla. Shekara ɗari kenan, to a nuna min wasa ɗaya ko zane ɗaya da ya tsaya a kan tishu. Ba za a yi ba, don tishu ba na kowa ba ne. Ba a ɗinka harafin sunanka a jiki, ba a ba masoyi ya ajiye, in Iago ya jefa tishu a ɗakin Cassio shara za a yi da safe a wuce wajen 😂

Ɗan Zane: 😂😂 Anti kin kashe ni. Ga mawaƙa ma. Ummu Kulsum ta Masar a zamaninta ba ta hawa dandamali sai da ƙyallenta a hannu, har ya zama in mai zanen barkwanci ya zana baƙin tabarau da ƙyalle ya isa, kowa ya gane. Louis Armstrong da farin hankicinsa yana busa ƙaho yana share gumi, Pavarotti shi ma haka. Biyu daga ciki maza ne kuma gumi suke sharewa.

Baban Amira: To gumi da hawaye duk ruwan jiki ne, ban yi nisa da gaskiya ba.

Ummi: Baba wannan kuma kame-kame ne.

Malam Sabo: Bari in ƙara ɗaya mai nauyi, ba na wasa ba. Ranar 30 ga Janairun 1972 a garin Derry na Ireland ta Arewa sojojin Birtaniya suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta, mutum 13 suka mutu a ranar. Hoton da duniya ta riƙe shi ne na wani limamin coci, Edward Daly, ya sunkuya yana tafe a gaba yana kaɗa farin hankici da jini a jiki, a bayansa mutane sun ɗauko wani yaro ɗan shekara 17 da aka harba. Yau an zana wannan hoton a bangon gida a unguwar. Abin da yake aljihunsa kenan, shi ya ɗaga a gaban bindiga. In wannan rauni ne to ban san me ake kira ƙarfin hali ba.

Baban Amira: Wannan kam Malam ba ni da ta cewa. Na janye kalmar rauni. Amma maganar fim ina nan a kan bakana, jirgin ƙasa zai tashi, mace a gefen titin jirgi tana ɗaga hankici tana sharɓe, sau nawa muka ga wannan? Ko a katun, yarinya ta saki hankici da gangan saurayi ya tsinta.

Anti Bilki: Wadda ta saki da gangan ai ba kuka take ba, tarko ta ɗana.

Kawu Iro: Kuma a Sifaniya in 'yan kallon ƙwallo suka gaji da koci ko shugaban kulob, filin gaba ɗaya fararen hankici suke kaɗawa, ma'ana ya tattara ya tafi. A filin wasa da bijimi kuma kaɗa shi yabo ne, ana roƙon a ba gwanin kyauta. Ƙasa ɗaya, ƙyalle ɗaya.

Baban Amira: To su masu kaɗa wa koci ai kukan cin da aka yi musu suke yi.

Ummi: Wayyo Allah. Anti ki bar shi, mutumin nan ko Picasso ne ya taso ya yi masa bayani sai ya ce ai shi ma kuka yake.