Ana iya sake cika kwalbar turaren ɗaki?

Maman Biyu: Salam 'yan uwa, dan Allah wa ta taɓa sake cika kwalbar freshna ɗin nan da ake jonawa a soket? Wallahi kuɗin sabuwa ya isheni, ba ta daɗewa ta ƙare, ga kwalabe sun taru min.

Uwargida Kano: Wa alaikis salam. Ana yi mana. Ki zare lagwanin a hankali da filaya, ki sayo man turare na awo a Sabon Gari, ki ce su haɗa miki da DPG, wani ruwan kemikal ne da ake tsinka turaren da shi don ya hau lagwani, kada ki cika ta taf kuma kada ki kuskura ki zuba ruwa ko man girki, toshewa yake kuma abin wuta ne fa. In lagwanin ya yi baƙi ya taurare ki hakura da kwalbar.

Baban Yara: Hajiya na fesawa mai gas dai kada a huda gwangwanin, fashewa yake ko ya ƙare. Ki sami robar feshi ki zuba ruwa da ɗan sifirit da turaren, ki girgiza kafin ki fesa, a nesa da murhu.

'Yar Barno: Ni dai da wannan wutar da ba a kawowa me zan yi da na soket? Turaren wuta na Maiduguri da gawayi ɗaya a kasko, labule da kujeru su kwana suna ƙamshi. Ki dai buɗe taga in akwai jariri ko mai asma.

Maman Biyu: Na gode, Allah ya saka. Anti DPG ɗin a shagon masu turaren zan samu ko sai wajen masu kemikal?