Neman shawara: sayen gida a Dubai ga wanda cinikinsa da naira yake

Ɗan Kwari ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gidaje a Dubai, musamman waɗanda suka taɓa saye ko suke zaune a can. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, yadi nake sayarwa, kuma na daɗe ina zuwa Dubai saro kaya. Wani dillali ya kawo mini tallar gida mai ɗaki ɗaya da falo a wani bene da ba a gama ginawa ba, a unguwar Jumeirah Village Circle, a kan dirhami 800,000. Sharaɗin shi ne in ba da kashi 20 cikin 100 a matsayin kafin alƙalami, sannan in riƙa biyan kashi 1 cikin 100 duk wata, kuma ya tabbatar mini cewa da zarar na saya maganar biza ta ƙare. A gefe guda kuma, wani abokina da ke zaune a can ya ce in rabu da wannan, in kawo kuɗin a sayi tsohon gida a Deira kusa da kasuwa da sunan wani ɗan ƙasa da ya yarda da shi, mu rubuta takarda tsakaninmu. Wanne ya fi, kuma me ya kamata in bincika kafin in saki kuɗi?

Malam na Sharja ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Bari in fara da shawarar abokinka, domin ita ce ba ta bukatar dogon nazari. Tun daga 2002 Dubai ta buɗe wa baƙi ƙofar mallakar gida, amma a unguwannin da gwamnati ta ware kawai, irin su Dubai Marina da Palm Jumeirah da International City da ita Jumeirah Village Circle ɗin da aka kawo maka. Mafi yawan tsohuwar Deira ba ta cikinsu, shi ya sa ma ake neman aron sunan ɗan ƙasa. Doka mai lamba 7 ta 2006 ta bayyana cewa cinikin gida ba ya tabbata sai an yi masa rajista a hukumar filaye ta Dubai, kuma yarjejeniyar da aka ƙulla domin zagaye dokar ba ta da inganci. Wato takardar da za ku rubuta tsakaninku ba za ta mayar da kai mai gida ba. Ko da mutumin ya riƙe amana iyakar rayuwarsa, ranar da ya rasu gidan zai shiga cikin gadonsa, idan kuma bashi ya hau kansa masu binsa za su iya kama gidan.

Shi kuwa benen da ake ginawa, doka ta yi masa tanadi. Tun 2007 wajibi ne kowane aiki irin wannan ya kasance da asusun amana a banki, wanda ba a sakar wa kamfanin gini kuɗin cikinsa sai gwargwadon yadda gini ya ci gaba. Saboda haka kada kobo ɗaya ya shiga asusun dillali ko wani asusun kamfanin na daban. Ka nemi lambar rajistar aikin da lambar lasisin dillalin daga RERA, hukumar da ke sa ido kan harkar gidaje a Dubai, ka duba su da kanka a manhajar Dubai REST, wadda take nuna ko kashi nawa aka gama na ginin, sannan ka tabbata an shigar da sunanka a rajistar wucin gadi da ake kira Oqood. Akwai kuma kuɗin rajista kashi 4 cikin 100, wanda a gidanka ya kama dirhami 32,000, kuma sau da yawa dillalai ba sa ambatonsa sai magana ta yi nisa.

Umman Sadiq ta amsa:

Alhaji, duk abin da Malam ya faɗa haka yake, amma a ganina babban haɗarin ba a Dubai yake ba, a Kano yake, wurin da kuɗinka ke fitowa. Dirhami a ɗaure yake da dala, kusan dirhami 3.67 a dala ɗaya, kuma ba ya motsi. Kashi 1 cikin 100 na gidan nan shi ne dirhami 8,000, wato kimanin dala 2,180 duk wata. A farkon 2023, lokacin da farashin gwamnati yake wajen naira 460 a dala, wannan kuɗin kusan naira miliyan 1 ne. Bayan an saki naira, wato an bar kasuwa ta riƙa yanke farashinta, a watan Yunin shekarar, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500, sai kuɗin wata guda ya koma sama da naira miliyan 3.2, alhali ba a ƙara ko dirhami ɗaya a farashin gidan ba. Kai da kake kasuwa ka san cewa ribar yadi ba ta ninka uku a wannan tsakanin ba.

Abin da ya sa nake jaddada wannan shi ne hukuncin wanda ya kasa ci gaba da biya. Bayan an ba shi wa'adin kwana 30, idan ginin ya wuce kashi 60 cikin 100, doka ta ba kamfani damar soke cinikin ya riƙe har kashi 40 cikin 100 na farashin gidan gaba ɗaya, ba na abin da aka biya ba. Idan bai kai haka ba, zai iya riƙe har kashi 25. A lissafinka, dirhami 320,000 ke nan ko 200,000. Mutum zai iya biya na tsawon shekara biyu ya tashi kusan hannu rabbana. Idan kuɗin da za ka riƙa biya daga jarin shago zai fito, ni dai ban ba ka shawara ba.

Abu Hanifa ya amsa:

Hajiya, na yarda da lissafinki, amma bai kamata a tsorata Alhaji gaba ɗaya ba, domin wannan ɗaurin na dirhami da dala kaifi biyu gare shi. Wanda ya biya kuɗin gidansa gaba ɗaya kafin faɗuwar naira, shi dukiyarsa ta tsira, kuma hayar da yake karɓa da dirhami take shigowa. Matsalar tana ga ɗaukar alkawarin biya na shekaru da kuɗin da ba a riƙe da shi. Sai dai kuma a tuna cewa farashin gidaje a Dubai yakan faɗi: tsakanin 2008 da 2009 ya ragu da kusan rabi, kuma ayyuka da yawa sun tsaya da kuɗin mutane a ciki.

Maganar biza ce dillalin ya yi wa kwaskwarima. Izinin zama na shekara 10 sai gidan da ya kai dirhami miliyan 2, naka kuwa bai kai rabi ba. Akwai ƙaramin izini na shekara 2, amma a yadda aka saba sai gidan da aka gama aka kuma ba da takardar mallaka, don haka ka tambayi hukumar filaye sharuɗɗansa na yanzu, kada ka dogara da bakin mai neman la'ada. Kuma takardar mallaka ba takardar shiga ƙasa ba ce. A watan Oktoban 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da ba 'yan Najeriya biza, ba a dawo da ita ba sai Yulin 2024. Wanda yake da gida amma ba shi da izinin zama, a wannan lokacin sai dai ya wakilta wani.

Ka kuma tanadi takardun da ke nuna asalin kuɗinka, kamar bayanin asusun banki da rajistar kasuwanci da shaidar biyan haraji. Tun 2022 ana kai rahoton duk cinikin gida da aka biya tsabar kuɗi daga dirhami 55,000 zuwa sama, kuma kuɗin da ya bi ta hannun 'yan canji ba tare da takarda ba yakan jawo tambayoyin da amsarsu ke da wuya.

Ɗan Kwari ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri. Maganar Deira na ajiye ta. Yanzu hankalina ya fi karkata ga ƙaramin gida da aka riga aka gama, wanda abin da nake riƙe da shi na dala zai iya saye gaba ɗaya, ko da a International City ne. Me zan duba a irin wannan, kuma yaya iyalina za su yi idan ta Allah ta kasance?

Malam na Sharja ya amsa:

A gidan da aka gama, ban da kashi 4 na rajista, a al'ada mai saye yana biyan dillali la'adar kashi 2 cikin 100, kuma ba a canja suna sai kamfanin da ya gina benen ya ba da takardar cewa ba ya bin tsohon mai gidan bashi. Ka nemi a nuna maka kuɗin hidimar bene na shekara, wanda ake lissafawa da faɗin gidan kuma ake biya ko da mutum a ciki ko babu, domin shi ne yake cinye wani ɓangare na hayar da dillali zai lissafa maka. Idan akwai ɗan haya a ciki, ka karɓi kwafin yarjejeniyarsa mai rajistar haya ta hukuma da ake kira Ejari, ka kuma sani cewa ba za ka fitar da shi don ka shiga da kanka ba sai da sanarwar wata 12 ta hannun hukuma.

Batun gado kuwa, ga Musulmi kotun can da shari'ar Musulunci take rabawa, don haka rabon ba zai zama baƙo ga iyalinka ba. Wahalar tana wajen takardu, domin sai magada sun kawo shaidar rasuwa da ta aure da ta haihuwar 'ya'ya, an fassara su zuwa Larabci, ma'aikatar harkokin waje da ofishin jakadanci sun buga musu hatimi, kuma ana rufe asusun mamaci na banki har kotu ta gama. Ka tabbata sunan da ke kan fasfo ɗinka shi ne a takardar mallaka harafi da harafi, shi ne kuma a takardun 'ya'yanka, domin bambancin Muhammad da Mohammed kaɗai yana iya tsayar da fayil. Ka ajiye kwafin komai a Kano a hannun wanda iyalinka suka sani, tare da lambar takardar mallakar.