Ina hutun rashin lafiya saboda ciwon damuwa: in faɗa wa oga ko in ja bakina?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum. Yau kwana 11 ke nan rabona da ofis. Likita ya ba ni hutun mako uku, a takardar kuma bai rubuta sunan ciwon ba, cewa kawai ya yi ba ni da lafiyar zuwa aiki. Ciwon damuwa ne, ranar kuma na fara shan maganinsa, sertraline.

Shekarata shida a sashen kuɗi, ban taɓa yin fashin da ya wuce kwana biyu ba. A hankali abin ya shigo. Ƙarfe uku na dare idona biyu, gari ya waye jikina kamar an yi min duka. Lissafin da nake gamawa cikin awa ɗaya sai in wuni a kansa, in karanta layi ɗaya sau biyar ban san me ya ce ba. Ranar ƙarshe na isa bakin ofis, na kashe mota, na ɗora hannu a marfin ƙofa, na kasa buɗewa. Minti 40 ina zaune ina kallon mutane suna shiga. Daga nan asibiti na wuce.

Jiya oga ya turo saƙo: "Ya jiki? Wai me ke damun ki ne haka? Jama'a sai tambaya suke." Mutumin kirki ne, ba zan ɓoye ba, amma cikinsa ba ya riƙe magana. Na taɓa jin sa a taro yana ba da labarin tiyatar da aka yi wa wani abokin aikinmu dalla-dalla, wai don a tausaya masa. Sau huɗu ina rubuta amsa ina gogewa. In na faɗa, ina tsoron kafin in koma an gama yaɗawa na samu taɓin hankali, ga ƙarin girma da ake sa ran yi nan da wata uku. In na yi shiru kuma sai in ji kamar ina ha'intarsa. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba ni shawara.

Tsohuwar ma'aikaciya a sashen kula da ma'aikata:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Na daɗe ina karɓar irin waɗannan takardun, don haka bari in gaya miki abin da muke dubawa. Abin da ya shafi kamfani shi ne ba ki da lafiya, likita ya tabbatar, kuma ga ranar da ake sa ran dawowarki. Duk wannan kin riga kin bayar. Sunan ciwon kuwa naki ne ke da likitanki. A Jamus ma tsarin nasu haka yake, abin da ke isa wurin mai kamfani ba ya ɗauke da sunan ciwo sam. Wasu ƙasashen takardarsu takan nuna, shi ya sa nake so ki ɗauko takardar ɗaukar aikinki da kundin dokokin ma'aikata ki karanta sashen hutun rashin lafiya. Abin da aka rubuta a can shi ne hakkinsu a kanki, ba son jin labarin oga ba.

Abu ɗaya nake roƙon ki: kada ki yi ƙarya. Na ga waɗanda suka ce taifod ne ko hawan jini don a ƙyale su. Bayan wata biyu aka buƙaci rahoton likita, magana ta fito daban, sai aka bar zancen rashin lafiya aka koma zancen rashin gaskiya, wanda shi kam yana iya cin aikin mutum. Shiru daban, ƙarya daban.

Ki rubuta masa: "Na gode Oga, jiki da sauƙi. Ina ƙarƙashin kulawar likita, ya ce in huta sosai, ina sa ran dawowa ranar kaza. In da canji zan sanar da kai da wuri." Shi ke nan. In ya sake matsawa, ki ce kin fi so ki bar bayanin tsakaninki da likita. Ba rashin ladabi ba ne.

Wani direban kamfani:

Ni dai shawarata ki ja bakinki. Na faɗa wa nawa ogan, har ya dafa kafaɗata ya ce in ɗauke shi kamar yayana. Da na dawo ba wanda ya zage ni, ba wanda ya kore ni. Sai dai duk doguwar tafiya mai alawus aka daina sa sunana, wai ana tausaya min. Ranar da na yi faɗa da wani kan man mota, abin da kowa ke yi kullum, sai na ji ana raɗa "ciwon nasa ne ya motsa". Shekara biyu ke nan na warke amma har yanzu da wannan idon ake kallo na. Magana zarar bunu ce.

Malamin makaranta:

Malam direba, na ji zafin abin da ya same ka, amma ni akasin haka ya faru da ni, kuma ina ganin ya kamata ta ji ɓangare biyu. Na ɓoye, na dawo ina murmushi, aka sauke min duk aikin da ya taru. Ban kai wata ɗaya ba na sake zubewa. Makara ta yi yawa, takardun jarrabawa suka kwana a hannuna, aka ba ni takardar gargaɗi. Sai a lokacin na fito da maganar, aka kalle ta a matsayin uzurin wanda aka kama.

Inda doka ta ba da kariya, yawanci sai mai kamfani ya san halin da ake ciki take aiki. A Birtaniya dokar daidaito ta 2010 ta wajabta a sassauta wa ma'aikaci yanayin aiki idan ciwon ya kai matsayin naƙasa, wato ya shafi rayuwarsa sosai kuma ya daɗe ko zai daɗe wata 12, amma ba a kama kamfani da laifi in bai sani ba kuma ba yadda za a yi ya sani. Amurka ma tana da irin ta tun 1990, kuma mutum ne ke nema da bakinsa. Ki binciki ta ƙasarki. Abin da nake nufi, in har za ki nemi a rage miki awoyi ko a ɗage miki rufe lissafin ƙarshen wata, dole wani a kamfanin ya san wani abu. Amma ba lallai ogan nan mai sakin baki ba. Ki je sashen kula da ma'aikata ko wurin likitan kamfani in akwai, a rubuce, ki nemi a riƙe sirri. Likitan ma yana iya gaya musu abin da kike buƙata ba tare da ya ambaci sunan ciwon ba.

Ma'aikaciyar jinya:

'Yar'uwa, ki lura da lissafin kwanakinki. Irin wannan magani yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin amfaninsa, wani lokaci har shida, kuma ana so a ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi. Ke nan hutunki zai ƙare daidai lokacin da maganin ke fara kama jiki. Ki koma wurin likita kafin ranar, ku duba ko a ƙara hutun ko ki fara da rabin wuni.

Wannan jin da kike kamar kina ha'intar oga, shi kansa yana cikin alamomin ciwon: mutum ya dinga ɗora wa kansa laifin da bai yi ba. Kada ki yanke hukuncin da ba ya janyuwa a wannan makon. Kuma ba ke kaɗai ba ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 ana asarar ranakun aiki kusan biliyan 12 duk shekara saboda ciwon damuwa da fargaba. In kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, ki bar zancen oga gaba ɗaya, ki kira likitanki ko ki je asibiti a ranar, kuma ki faɗa wa wani na kusa da ke.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na tura saƙon kusan yadda Anti ta tsara shi, hannuna har rawa yake. Bayan minti goma ya amsa: "To madalla, Allah ya ƙara sauƙi." Bai sake tambaya ba, ni da na kwana biyu ina ƙulla amsoshi. Na karanta kundin namu, takardar likita kawai aka ce a kawo. Ranar Laraba zan ga likita, zan yi masa maganar rabin wuni. In ya amince, sashen ma'aikata zan kai takardar da kaina. Anti, in sun tambaye ni dalili a can, zan iya cewa su tuntuɓi likitana, ko sai na sa hannu a wata takarda tukuna?