Fenti ya shiga cikin bututun bindiga, a jiƙa da tina (ruwan narkar da fenti) ko a kai wa mai gyara?

Baban Ummi: Salamu alaikum. Bindigar farauta ce mai baki ɗaya, lamba 12 a faɗin bututu, da lasisinta. An fesa mata fentin mota saboda tsatsa, mai fentin bai toshe baki ba. Yanzu fenti ya bushe a mazaunin harsashi da kusan ɗan yatsa ɗaya daga baki, kwanso yana maƙalewa. Kalanzir bai taɓa shi ba. In jiƙa da tina ne, ko in kai wa mai gyara da ya ce dubu 15?

Sarkin Baka: Tafasasshen ruwa da sabulu, a ɗura, a zubar, a shanya a rana, a bi da man keken ɗinki.

Malam Injiniya: Ranka ya daɗe Sarki, wannan wankin albarushi ne na harbi-ka-ruga, ruwa ba ya cin fenti. Baban Ummi, fara tambayar mai fentin ko ya zuba hadina, wato sinadarin da ke sa fenti ya yi tauri. In bai zuba ba, tina ta isa. Tabbatar babu harsashi, cire bututun daga ƙota, domin tina tana cinye shafen katako. Toshe baki da toshiyar katako, tsayar da shi, cika da tina, minti 30. Zubar, sannan burushin tagulla na lamba 12 a kan sanda, daga baya zuwa baki. Faɗin bututun kusan milimita 18.5 ne, na mazaunin ya ɗan fi haka, shi ya sa burushin yake wucewa can bai goga ba. Naɗa masa soson ƙarfe mai laushi, lamba 0000, ka murza da hannu. In an zuba hadina, tina ba za ta narkar da shi ba, sai maganin cire fenti mai kauri, da safar hannu, a waje inda iska take, kuma kada ya taɓa jikin bututun ta waje.

Maƙerin Tudu: Kowa na maganar tina, ba a faɗi abin da ke kashe bindiga ba. Wani maharbi a yankinmu aka ba shi shawarar ruwan batir. Kwana ɗaya ya bar shi a ciki. Fentin yana nan, ƙarfen kuwa ya yi ramuka kamar zanzana. Ya bi da samfefa a kan injin huda don ya share ramukan, mazaunin ya buɗe, kwanso ya riƙa tsagewa. Daga ƙarshe tsumma ya tsinke a ciki bai duba ba, harbi ɗaya bututun ya kumbura. Bindigar gadon mahaifinsa ce. Wanda ya ba shi shawarar ko jaje bai zo ba.

Ɗan Tauri: Allah ya kiyaye. To ya tsira da yatsunsa dai?

Maƙerin Tudu: Ya tsira. Dubu 15 ɗin nan kuma tsada ce, aikin dubu 5 ne.

Alhaji Na Gabas: Dubu 5 a ina? Tina lita ɗaya da burushi kaɗai sun haura haka.

Malam Injiniya: Kuma gyaran bindiga a doka sai mai izini, ba kowace maƙera ba.

Maƙerin Tudu: Malam, wanda ya karanta a takarda da wanda hannunsa ya yi kanta ba ɗaya ba ne.

Ɗan Tauri: Baban Ummi, ka bar fentin kawai, ko zomo ya ga kwalliya ya tsaya kallo.

Alhaji Na Gabas: Ku bar wasa. Maƙalewar nan ba lallai fenti kaɗai ba ne. Harsashin da ya sha damina gindinsa yana tsatsa, shi ma ya maƙale. Auna tsawon mazaunin kuma, na milimita 70 ba a sa masa harsashin 76, ko da ya shiga. Masu sayarwa ba sa faɗa, tsohon kaya suke turo mana a kuɗin sabo.

Sarkin Baka: Wannan gaskiya ne, Alhaji. Ga batun takarda kuma. A 2023 an sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi, wanda bindigarsa ta lalace ina zai sami wata?

Baban Ummi: Na tambayi mai fentin, ya ce ya zuba hadina kaɗan. Kaɗan ɗin nan tina za ta ci ko sai mai kaurin?

Alhaji Na Gabas: Sarki, a wajenku nawa ake sayar da kwalin harsashi mai guda 25 yanzu?