Shawarwarin da aka bayar kan haɗa kwamfutar tebur a Jidda

Daren Juma'a bayan Isha muka zauna, mu Hausawa mazauna Jidda, saboda wani ƙanenmu ɗalibi zai haɗa kwamfutar tebur. Ga abin da na tsinta.

An fi daɗewa a kan RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a ciki. Wani dattijo mai gyara ya ɗaga RAM iri biyu, DDR4 da DDR5, ya nuna mana tsagar da ke gindinsu. Ba wuri ɗaya take ba, shi ya sa wannan ba ya shiga ramin wancan ko an danna. Ya ce: "Ɗana, fara zaɓar furosesa, sannan madabod, sannan RAM." Furosesa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta, madabod kuma babban allon da ake dasa sauran kayan a kai. Misali, madabod mai soket (wato mazaunin furosesa) AM5 na kamfanin AMD, DDR5 kaɗai yake ɗauka.

Kowa ya yarda kada a yi rowa wajen sayen na'urar da ke raba wa kayan cikin kwamfutar wuta. Ni ma nan na fi tsayawa, don zafi da ƙurar garin nan ba sa raga wa na'ura; a riƙa hure fankokin cikinta.

Sauran a gurguje: kibod mai haruffan Larabci da na boko, a tambaya ko kuɗin ya haɗa da harajin saye (VAT) na kashi 15 cikin ɗari, a adana rasit saboda garanti. Mai niyyar kai kwamfutar Najeriya, filogin nan mai ƙafa uku iri ɗaya ne da na can.