Me ya sa ƙasa ke sakin maganin ciyawa idan zafi ya hau?

Ɗalibin Samaru:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah masana kimiyyar ƙasa a taimaka. Ina furojet ɗin gama digiri ne kan yadda ƙasa ke riƙe maganin ciyawar nan atrazin, na ɗebo ƙasar gonar masara daga wajen Saminaka na gwada a digiri 25 da 35 da 45, sai na ga duk sanda zafi ya hau maganin da ke mannewa a ƙasar raguwa yake, kuma ΔH, wato ma'aunin zafin da mannewar ke sha ko fitarwa, ya fito min negatif. Haka abin yake ko lissafin ne ya kwaɓe?

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam ƙanena, lissafinka na kan hanya. ΔH negatif na nufin mannewar tana fitar da zafi ne, to in ka ƙara mata zafi daga waje dole ta ja baya, maganin ya koma cikin ruwa. Ka dubi girman lambar ma, in ba ta kai 40 kJ/mol ba to riƙon sako-sako ne, maganin ya lafe ne kawai a jikin ƙasar bai ƙulla da ita ba. Sannan ka tuna ΔG = ΔH − TΔS, inda ΔG ke nuna ƙarfin mannewar (in ya fi negatif ta fi ƙarfi), T kuma zafi ne, shi kuma ΔS, wato canjin warwatsuwar ƙwayoyin maganin, yawanci negatif yake zuwa tunda ƙwayar maganin da ke yawo a ruwa ta zo ta tsaya wuri ɗaya, shi ya sa T na hawa ΔG na matsowa kusa da sifiri, mannewar na rage ƙarfi. Kuma ƙasar tudunmu ta nan lakarta kawolinait ce, ba ta da riƙo sosai, ruɓaɓɓen ganye da taki ma kaɗan ne a cikinta alhali su ne suka fi kama atrazin, shi ya sa ruwan sama mai ƙarfi ke wanke shi ya gangara ƙasa, wani lokacin har rijiya.

Baban Yara Kachia:
Mu dai ba mu san wata delta ba wallahi, amma abin da na sani in ka haɗa Gramazon da ruwan kududdufi mai laka to ka yi asarar kuɗinka kawai, ciyawa ko gezau.

Malamin Gona:
Gaskiyarka Baba. Shi farakwat, sinadarin da ke cikin Gramazon, cajinsa fozitif ne, laka kuma negatif, suna haɗuwa ta damƙe shi gam tun a cikin tankin feshi, riƙonsa ba irin na atrazin ba ne ko kusa. Gilaifoset kuma, wani maganin ciyawar, ƙarfen da ke cikin jar ƙasa ke kama shi, har rububin wurin zama suke da fosfet na takin zamani.

Ɗalibin Samaru:
Na gode sosai Malam, hankalina ya kwanta. To pH fa, ma'aunin tsamin ƙasa, in auna shi?

Malamin Gona:
Auna mana, atrazin ya fi mannewa a ƙasa mai tsami, in ba ka sa shi ba, ranar difens, wato kare furojet, za su tare ka da shi.